Gidan Gado da Takardar Asali: Daga Lawiyawa Zuwa Gidajen Limaman Zamfara

Gabatarwa

A kowane tsohon gari na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, in baƙo ya tambayi gidan Sarki za a nuna masa, in kuma ya tambayi gidan Liman yaro ƙarami ma zai kai shi har ƙofar zaure. Gidajen nan biyu su ne ginshiƙin gari, amma akwai wani bambanci a tsakaninsu wanda ya kamata ya dami duk wani mai riƙe da alƙalami. Sarki yana da makaɗa da maroƙa waɗanda ke jero sunayen kakanninsa a bainar jama'a ranar Sallah, sa'an nan kuma masana tarihi sun rubuta jerin sarakuna sun adana. Shi kuwa Liman ba a yi masa kiɗa, ba shi da maroƙi. Jerin waɗanda suka tsaya a gaban sahu kafin shi yana cikin kan tsofaffi ne, ko kuwa cikin 'yan takardun da ke ƙunshe a gafaka.

Manufar wannan maƙala ita ce mu dubi gidajen da suka gaji hidimar wuraren ibada, mu ga abin da ke sa sunan wasu ya wanzu, na wasu kuwa ya shafe. Za mu soma da Lawiyawa na Bani Isra'ila, domin sun tsara irin wannan gado dalla-dalla, daga nan mu dawo gida mu dubi Kano da Katsina da Maraɗi, mu ƙare da namu na Zamfara.

Su Wane Ne Lawiyawa?

Bahaushe ya san bambancin ɗan gado da ɗan haye a ƙira da jima da fawa da wanzanci. To, a wajen Bani Isra'ila hidimar ɗakin ibada ba ta da haye sam. Ƙabila guda ce daga cikin goma sha biyu aka keɓe mata, wato zuriyar Lawi, ɗa na uku ga Annabi Yaƙubu (A.S.). Lawi ya haifi 'ya'ya maza uku: Gershon da Kohat da Merari. Daga gidan Kohat ne Annabi Musa da Annabi Haruna (A.S.) suka fito. Saboda haka sai ƙabilar ta kasu hawa biyu. Zuriyar Haruna su ne masu miƙa hadaya a kan bagade, ana kiran kowanensu Kohen. Sauran Lawiyawa kuwa mataimaka ne. Masu sha'awar harshe za su lura cewa kalmar Kohen 'yar'uwa ce ga kalmar Larabci "kahin", ko da yake a Larabci ma'anarta ta karkata zuwa ga boka mai duba.

Bisa ga abin da ke cikin littattafan Yahudawa, tun ana yawo a hamada aka raba wa gidajen uku aiki a kan alfarwar ibada. Gidan Gershon su ke ɗaukar labule da rufi, aka ba su keken shanu 2 da bijimai 4. Gidan Merari su ke ɗaukar ginshiƙai da katakai, aka ba su keke 4 da bijimai 8. Gidan Kohat ba a ba su keke ko ɗaya ba, domin kayan da ke hannunsu, irin su akwatin alkawari, a kafaɗa ake ɗauka. An ƙidaya mazan ƙabilar daga ɗan wata guda zuwa sama aka sami 22,000, waɗanda kuma ke tsakanin shekara 30 da 50, wato shekarun aiki, sun kai 8,580.

Babban abin da ya bambanta su da sauran ƙabilu shi ne ba a ba su yankin ƙasa ba sa'ad da aka raba ƙasar Kan'ana. Garuruwa 48 aka warwatsa musu a cikin rabon 'yan'uwansu, 6 daga ciki na mafaka ne ga wanda ya yi kisa bisa kuskure. Abincinsu ushiri ne, wato kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonar jama'a, su kuma su fitar da ushirin wannan ushiri su ba gidan Haruna. Ke nan cikinsu yana hannun jama'a. In an yi imani an fitar, su ci; in zuciyar mutane ta yi sanyi, su kwana da yunwa. Duk wanda ya san yadda limamin ƙauye ke jiran damin kaka zai fahimci wannan hali ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Bayan da aka zauna a birnin Ƙudus sai ɗaukar kaya ya ƙare, aiki ya sake kama. Littafin Tarihinsu ya ce a ƙarshen zamanin Annabi Dauda (A.S.) akwai Lawiyawa 38,000: masu kula da aikin ɗakin ibada 24,000, alƙalai da manyan ma'aikata 6,000, masu tsaron ƙofa 4,000, mawaƙa da makaɗa 4,000. Gidajen Asaf da Heman da Yedutun su ne shugabannin waƙa, har ma wasu babobin Zabura da ke hannun Yahudawa suna ɗauke da sunan Asaf. Masana na zamani suna ganin waɗannan alƙaluma sun fi nuna tsarin zamanin da aka rubuta littafin, ƙarnuka da yawa bayan Dauda, kuma da dama daga cikinsu suna ganin marubucin kansa Balawe ne ko mai kusanci da su. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Ranar da Aka Nemi Takarda

A wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Bukhtanasar Sarkin Babila ya ƙone Haikalin da Annabi Sulaimanu (A.S.) ya gina, ya kwashi manyan gari zuwa bauta. Bayan kimanin shekara 50 Sarkin Farisa Sairus ya ci Babila, ya ba su izinin komawa. A nan ne aka ga abin mamaki. Jerin waɗanda suka koma ya nuna zuriyar Haruna 4,289, amma Lawiyawa 74 kacal, ban da mawaƙa 128 da masu tsaron ƙofa 139. Dalili a fili yake. Wanda zai koma ya zama shugaba ya yi sauri, wanda kuwa zai koma ya zama mai wanke tasa da tsaron ƙofa bai ga abin gaggawa ba. Daga baya ma da Ezra, wanda malamai da yawa ke cewa shi ne Uzairu, ya tara ayarinsa a bakin kogin Ahawa, ya duba bai ga Balawe ko ɗaya ba, sai da ya aika aka roƙo, aka samo mutum 38. A zamanin gwamna Nehemiya kuma an daina ba su rabonsu, har suka watsar da aiki kowa ya koma gonarsa, sai da ya tsawata wa manyan gari kafin a dawo da su.

Amma labarin da ya fi shafar mu marubuta shi ne na wasu gidaje uku, gidan Habaya da na Hakkoz da na Barzillai. Sun dawo daga Babila suna cewa su jinin Haruna ne. Aka ce su kawo shaida. Suka nemi sunansu a cikin takardun asali, ba su samu ba. Nan take aka cire su daga aikin hadaya, aka hana su cin abinci mai tsarki. Mai yiwuwa ne gaskiya suka faɗa, mai yiwuwa takardarsu ta ƙone ne tare da birnin, amma ba mai tsaya musu. Gado na ɗaruruwan shekaru ya tsaya cik saboda rashin layi guda na rubutu.

A shekara ta 70 Miladiyya Rumawa, a ƙarƙashin Titus, suka rushe Haikali na biyu, kuma ba a sake gina shi ba. Hadaya ta tsaya, waƙar Haikali ta tsaya, babu ƙofar da za a tsare. Jagorancin addini ya koma hannun malamai, waɗanda ilmi ke ɗaukakawa ko daga wane gida suka fito. Duk da haka sunan Lawi bai mutu ba. Har yau a majami'un Yahudawa masu bin tsohon tsari, in za a karanta Attaura, Kohen ake fara kira, sai Balawe, sa'an nan sauran jama'a. Balawe ne kuma ke zuba wa Kohen ruwa ya wanke hannu kafin ya sa wa jama'a albarka. Sunayen iyali irin su Lebi da Halebi da Segal duk alamar wannan gado ne. Shahararren mawaƙin nan na Andalus, Yahuda Halebi, wanda ya rasu a 1141, daga cikinsu yake. Kusan shekara 2,000 ke nan babu ginin, amma masu hidimarsa sun san kansu, domin aikinsu da sunayen gidajensu suna cikin littafin da ake karantawa kowane mako.

Gidan Barbushe a Dala

To, mu dawo gida. Kafin zuwan Musulunci ƙasar Hausa ma tana da gidajen da suka gaji tsaron wuraren bauta, kuma wanda labarinsa ya fi fitowa shi ne na Dutsen Dala a Kano. Tarihin Kano ya ce Dala ya haifi Garageje, Garageje kakan Buzame ne, Buzame kuma shi ya haifi Barbushe, wanda ya gaji asirin kakanninsa. Shi ne babban mai hidimar Tsumburbura, wadda mazauninta wata itaciya ce mai suna Shamus, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai. Ba ya saukowa daga dutsen sai a ranakun biki, jama'a su taru daga gabas da yamma da kudu da arewa da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuraye, ya shiga da dare ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. Wanda ya karanta yadda shugaban gidan Haruna kaɗai ke shiga ɗaki mafi tsarki sau ɗaya a shekara zai ga kamar tsarin, ko da yake abin bautar ya sha bamban, kuma babu wata shaida ta cewa wani ya koya daga wani.

Haka zalika akwai gidajen da suka kewaye shi, kowane da aikinsa na gado. Tarihin ya ambaci Gijigiji maƙeri, da Bugazau mai dafa giya, da Hanburki mai magani, da Ɗanbuntuniya mai gadin gari da dare, da Jandodo shugaban makaɗa, da Asanni kakan mawaƙa, da Maguji mai haƙar tama da narka ta. Ga mai tsaro, ga makaɗi, ga mawaƙi, kamar dai yadda muka gani a Ƙudus.

Ƙarshen wannan gida ya zo ne sannu a hankali. Zuriyar Bagauda, wanda aka ce ya yi sarauta daga 999 zuwa 1063, sun daɗe suna zaman doya da manja da masu Tsumburbura, har zuwa zamanin Sarki Tsamiya (1307–1343) wanda ya yaƙe su, ya rushe katangar, ya karɓi asirin, ya kuma naɗa wasu daga cikinsu sarauta a ƙarƙashinsa. Ba a nan abin ya mutu ba, domin Sarki Kanajeji (1390–1410) da yaƙin Zazzau ya gagare shi, wajen Sarkin Tsibiri ya koma neman shawara. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka sare itaciyar, aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta.

Yanzu tambaya ita ce, ina zuriyar Barbushe? Wa zai iya tashi a Kano a yau ya jero kakanninsa har zuwa Buzame, ya kawo takarda? Abin da muka sani game da su duka ya fito ne daga alƙalamin malaman fadar da ta ci su da yaƙi, cikin littafin da masana da yawa ke ganin an harhaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19, wanda Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908. Ba muna kukan rushewar tsafi ba ne, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne Lawiyawa su suka ba da labarin kansu, mutanen Dala kuwa wasu ne suka ba da nasu, shi ya sa muka san yawan bijiman gidan Merari amma ba mu san yadda jikokin Barbushe suka ƙare ba.

Durɓawa da Anna

A Katsina abin ya ɗan bambanta. Durɓawa, waɗanda kufansu ke Durɓi ta Kusheyi, su ne tsohon gidan sarauta, har zuwa lokacin da Korau ya kashe Sanau ya karɓi mulki. An raba su da gadon sarauta, amma ba a shafe su ba. Sarautar Durɓi ta ci gaba a cikin manyan masu zaɓen sarki, kuma da zuriyar Korau suka kafa Maraɗi bayan jihadi, a wajen 1819, sun tafi da wannan sarauta. A can ƙasar Maraɗi ne Bafaranshen nan Guy Nicolas ya yi nazarin Anna, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, ya buga babban littafinsa a 1975. Ya nuna cewa kowane dangi yana da abin da suke kira gado, wanda ya haɗa sana'a da iskokin gida da irin yankan da ake yi musu. Akwai masu noma da masu ruwa da mahalba da maƙera, kuma ba mai taɓa aikin wani. Darasin Durɓawa shi ne sunan da ya sami gurbi a cikin sabon tsari yana daɗewa, ko da aikinsa na farko ya gushe, kamar dai Balawe da aka bar masa kira na biyu wajen karatu.

Musulunci da Sabon Gado

Wajibi ne a nan mu faɗi abu guda ƙarara. Musulunci ba shi da ƙabilar da aka keɓe wa limanci. Wanda ya fi iya karatu da sanin hukuncin salla shi ya fi cancanta, ko ɗan wane ne. Wani gadon hidima da kowa ya sani an tabbatar shi ne na mabuɗin Ka'aba, wanda Manzon Allah (S.A.W.) ya mayar wa Usmanu ɗan Ɗalha a shekarar da aka buɗe Makka, wato 8 bayan Hijira, daidai da 630 Miladiyya, kuma har yau yana hannun Bani Shaiba.

Sai dai kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Inda littafi yake, nan yaro ke tashi ya ga ana karatu, don haka ilmi ya zauna a wasu gidaje, limanci ya bi shi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa kimanin 40 suka zo daga Mali a ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Sarki ya naɗa Gurdumus limaminsa, Lawal ladan, Auta mai yanka, Mandawari limamin Wangarawa da manyan gari, shi kuma Zaite alƙali. Wani littafi dabam, Asalin Wangarawa, wanda aka rubuta a wajen 1650, ya ce a zamanin Rumfa ne Zaite ya iso. Ko wanne ne daidai, abin da ya fi muhimmanci shi ne wani daga cikin masu wannan tarihi ya zauna ya rubuta asalinsu. Shi ya sa har yau ana iya bin sawunsu a unguwannin Mandawari da Zaitawa da Madabo, kamar yadda ake bin sawun zuriyar Shehu Magili a Sharifai. Shekara 6 kacal ke tsakanin ƙarshen sarautar Tsamiya da farkon ta Yaji, amma dubi yadda gida ɗaya ya ɓace, ɗaya kuwa ana nuna ƙofarsa.

Gadon nan yana da amfani, yana kuma da haɗari. Amfaninsa shi ne yana tsare littattafai da tarbiyya. Haɗarinsa shi ne ranar da rawani zai faɗa kan wanda bai yi karatu ba don kawai ubansa ya riƙe. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar mulki ta hanyar gado da fin ƙarfi ba tare da shawara ba a cikin aibobin sarakunan zamaninsa. Marubucin da zai rubuta tarihin gidan malamai sai ya riƙe ma'aunin nan biyu, kada aikinsa ya zama kirari.

Zamfara: Birni Ya Faɗi, Jama'a Ta Watse

Mu Zamfarawa mun san abin da ake nufi da rushewar babban birni. Sarautar Zamfara ta faro ne daga Dutsi, ta koma Birnin Zamfara, can wajen Isa ta yanzu. Labarin da aka gada ya ce da Gobirawa suka shigo neman wurin zama, gonakin Alƙalin Zamfara aka ba su, daga nan ne sunan Alƙalawa ya samo asali. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa tun kafin jihadi akwai gidan alƙalanci mai ƙarfi da filaye a Zamfara. A wajen farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci birnin, Sarkin Zamfara Maroƙi ya gudu zuwa Kiyawa. Gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan, har ya zo ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19, inda Sarkin Zamfara yake har yau, ga Sarkin Mafara a Gummi, ga kuma Sarkin Danko a Bukkuyum.

Tafiyar sarakunan an rubuta ta. Bajamushe Kurt Krieger ya tattara tarihin Zamfara a Anka, ya buga shi a Balin a 1959. Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 a kan tashi da faɗuwar daular. To amma limamin Birnin Zamfara fa, da ladaninsa, da shi wannan alƙali mai gonaki? Ina 'ya'yansu suka nufa ranar da birni ya faɗi? Waɗanne ne suka bi Sarki har Anka, waɗanne ne suka tsaya a hanya suka kafa makaranta a wani ƙauye? Waɗannan tambayoyi ne da amsarsu ke zaurukan garuruwanmu, tana jiran mai zuwa da takarda.

Kada kuwa a ɗauka ƙasar ba ta da malamai. Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a Zamfara daga wajen 1786, ya kuma kai wa'azinsa har ƙasar Zauma, sunan da har yau yake raye a ƙasar Bukkuyum. A 1805 jama'arsa sun zauna watanni a Sabon Gari kafin su wuce Gwandu. Daga cikin malaman da ya ɗauki tafsiri a wajensu akwai Hashimu Bazamfare. Me ya sa muka san sunan wannan bawan Allah? Saboda almajiransa mutane ne masu rubuta sunayen malamansu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusuki, don ambaton waɗanda ya yi karatu a wajensu, Muhammadu Bello kuma ya jero malaman ƙasashen nan a cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Malamai nawa ne tsaran Hashimu waɗanda ba su dace da almajiri mai alƙalami ba?

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne halin da yankin ya shiga. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Daga baya kuma ta'addancin 'yan bindiga ya tashi garuruwa da dama, ciki har da hare-haren watan Janairun 2022 a waɗannan ƙananan hukumomi biyu, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa cikin Anka da sauran manyan garuruwa. Wanda ya gudu da dare, goyo yake ɗauka, ba ya tsayawa neman gafaka. In tsohon da ya san jerin limaman garinsu ya rasu a sansanin gudun hijira, to, an yi biyu babu, ba takarda ba baki. Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya aka koma, za a sami gidajen da za su tsaya kamar gidan Habaya da Hakkoz, suna cewa mu ne, ana cewa ina shaida.

Kammalawa

Aikin da ke gabanmu ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kowane ɗan ƙungiya ya zaɓi masallacin Juma'a guda ko tsohuwar makaranta guda a garinsu. Ya je da ladabi ya gaida Liman, ya nemi izini, ya rubuta jerin limamai da na'ibai da ladanai iyakar inda aka tuna, tare da sunan sarkin da kowane ya yi zamani da shi, domin ta haka ne za a iya ƙiyasta shekaru. Ya tambayi inda gidan ya taso, da wajen wanda kowane ya yi karatu, da lokacin da limanci ya fita daga wani gida ya koma wani, da dalili. Ya duba ƙarshen littattafan hannu, inda masu kwafi kan sa sunansu da na ubansu da na garinsu, ya ɗauki hotonsu da waya in an yarda masa. Kada ya manta da tsofaffin mata, domin su suka fi riƙe wa ya auri wa, wa ya haifi wa. In ya sami ruwaya biyu masu saɓani, ya rubuta su duka da sunan garin da ya ji kowace, kamar yadda muka ga saɓanin Tarihin Kano da Asalin Wangarawa bai rage wa ɗayansu daraja ba. Sa'an nan ya yi kwafi biyu, ɗaya ya bar wa masu gida, ɗaya ya aiko wa wannan mujalla.

Masu sha'awar ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo su ma ga fage. Ɗan liman da ya fi son kasuwanci, da almajirin haye da ya fi 'ya'yan gida karatu, da ladanin da ya yi shekara 40 yana kiran salla ba a taɓa tambayar sunan kakansa ba, duk waɗannan mutanenmu ne, kuma har yanzu adabinmu bai ba su haƙƙinsu ba. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga yadda ta kasance ga gidan Barbushe, mun kuma ga abin da rubutu ya yi wa Lawiyawa da Wangarawa. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya sa mu rubuta tun masu ba da labarin suna raye. Amin.